Led Zeppelin: Gwanaye Ne Ko Masu Aron Kari? Abin da Kunne Ya Ji da Abin da Kotu Ta Ce

Fitowar fim ɗin tarihi mai suna Becoming Led Zeppelin a watan Fabrairun 2025 ta sake tono wata tsohuwar gardama. Shi ne fim na farko da mutum ukun da suka rage a raye daga cikin Led Zeppelin, ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila, suka amince suka zauna aka yi hira da su dominsa. Bai daɗe da fita ba sai wani dattijon mawaƙi ɗan Amurka, Jake Holmes, ya garzaya kotu yana ƙorafin an sake amfani da waƙarsa ba tare da an ba shi haƙƙinsa ba. Cikin 'yan watanni aka sasanta.

Mai bin labarin daga nesa dole ya rikice. Shekaru biyar kafin nan an ji cewa ƙungiyar ta yi nasara a wata babbar shari'ar satar fasaha da aka ja har ƙofar Kotun Ƙolin Amurka. To, an wanke su ne ko ba a wanke su ba? In kuwa aro suka yi, me ya sa har gobe ake jera su a sahun farko na makaɗan ƙarni na 20, ga faifai sama da miliyan 100 da suka sayar a Amurka kaɗai?

Kafin a amsa sai an rarrabe waƙa gida-gida, domin sau da yawa mai yabo da mai suka ba a kan abu ɗaya suke magana ba.

## Waƙa hawa-hawa ce

A cikin kowace waƙar da aka naɗa akwai abubuwa huɗu da ke kwance kan juna. Akwai kalmomi, wato baitocin. Akwai kari, wato hawa da saukar sauti da mutum zai iya yi da fito ko gunguni ko da ya manta kalmomin. Akwai tsari: wane kayan kiɗa zai fara, wane zai biyo, ina za a sassauta, ina za a zuba nauyi. Sai naɗin kansa, sautin da aka ɗauka aka buga a faifai. Dokar haƙƙin mallaka tana tsare kalmomi da kari sosai. Naɗi ma yana da nasa haƙƙin daban, wanda galibi yake hannun kamfani. Tsari da salon kaɗawa kuwa, kariyarsu ba ta da kauri. Wannan bambancin shi ne ƙashin bayan duk rigimar Led Zeppelin.

Buluz kiɗa ne na baƙaƙen fatan kudancin Amurka, jikokin bayi, wanda ya tsiro a ƙarshen ƙarni na 19 a gonakin auduga, musamman yankin kogin Misisipi. Da suka yi ƙaura zuwa biranen arewa neman aiki, kiɗan ya bi su, ya samu jita mai aiki da lantarki a Shikago a hannun irin su Muddy Waters da Howlin' Wolf. A wannan al'adar baiti yana yawo daga baki zuwa baki kamar karin magana. Mawaƙi ya ɗauko layi daga na gabansa, ya ɗora nasa, ba wanda zai ce masa kanzil.

Rok ɗan buluz ne, ya bayyana a shekarun 1950. Abin da ake kira rok na gargajiya kuwa suna ne da gidajen rediyon Amurka suka laƙaba daga baya wa kiɗan ƙungiyoyin da suka yi tashe daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa wajen 1980.

Kalma ta ƙarshe ita ce ɗan gajeren karin da jita ke maimaitawa tun daga farkon waƙa, wanda da jin sa ka san wace waƙa ce. Mafi kusa da shi a wurinmu shi ne take, irin wanda makaɗi ke kaɗa wa basarake ko ɗan dambe, mutane su gane wanda ake nufi tun ba a buɗe baki ba. Da sunan take za a kira shi a wannan sharhi.

## Yadda mutum huɗu suka haɗu

An kafa ƙungiyar a Landan a 1968, a kan kufan wata ƙungiya mai suna Yardbirds da ta watse ta bar mai jitarta, Jimmy Page, da alkawuran wasa a ƙasashen arewacin Turai. Page da John Paul Jones, mai jitar ƙasa (mai kaurin sauti) da piyano, tsofaffin 'yan haya ne a sitidiyo. Sun shafe shekaru ana kiran su su yi wa mawaƙa daban-daban kiɗa a biya su, don haka sun san ɗakin naɗi ciki da bai. Robert Plant mai waƙa da John Bonham mai ganga kuwa samari ne 'yan shekara 20 daga yankin masana'antu na kewayen Birmingham, ba wanda ya san su a Landan. Biyu sun zo da ƙwarewa, biyu sun zo da ɗanyen ƙarfi.

Sunan ma daga ba'a ya fito. An yi wa Page tsiya cewa sabuwar ƙungiyar za ta rikito kamar balan-balan na dalma, kuma daga sunan dalma a Turanci aka samo Led. Zeppelin shi ne wani ƙaton jirgin sama na Jamus mai kama da balan-balan, kuma hoton irinsa, Hindenburg, yana ci da wuta a 1937 suka sa a bangon kundinsu na farko, wato faifai mai ɗauke da tarin waƙoƙi.

Wannan kundi ya fito a Janairun 1969. An naɗe shi cikin awa 36 ko kusa da haka, kuma daga aljihun Page kuɗin ya fito. Wannan ƙaramin abu ya yi tasiri babba: da suka je wurin kamfanin Atlantic, gamammen aiki suka kai, don haka kamfani bai samu bakin cewa a gyara nan ko a yanke can ba. Manajansu Peter Grant, tsohon ɗan kokawa, ya ƙara ɗaure wannan 'yancin. Ya hana sayar da waƙoƙinsu ɗai-ɗai a Birtaniya, wanda ke so ya sayi kundi sukutum. Ya rage fitarsu a talabijin, wanda ke son ganinsu ya sayi tikiti. Sannan ya juya lissafin wasanni, ya riƙa karɓar kashi 90 cikin 100 na kuɗin ƙofa ya bar wa masu shirya taro kashi 10, abin da ba a saba ba a lokacin.

Sun fitar da kundi takwas tsakanin 1969 da 1979. A 1973 mutum 56,800 suka hallara wasansu a Tampa ta jihar Florida, suka zarce adadin da Beatles suka tara a New York a 1965. Ranar 25 ga Satumban 1980 Bonham ya mutu yana da shekara 32 bayan ya kwankwaɗi barasa fiye da kima. A Disambar shekarar sauran ukun suka sanar da cewa ba za su ci gaba ba tare da shi ba.

## Ina gwanintar take?

Abin da masana kiɗa suka fi yabawa shi ne wasa da nauyi da sauƙi a waƙa ɗaya. Page kansa yana kiran abin haske da inuwa. Stairway to Heaven, wadda ta fito a kundi na huɗu a Nuwamban 1971, misali ce: minti takwas, ta fara da jitar katako da sarewa a hankali kamar mai lallashin yaro, ganga ba ta shigowa sai an wuce minti huɗu, sauri yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan har a ƙare cikin tsawa, sannan a bar murya ita kaɗai ta rufe. Ba ta da amshi. A ƙa'idar rediyo ta wancan zamani irin wannan ba ta saye, amma ta zama cikin waɗanda aka fi sakawa a gidajen rediyon Amurka, alhali a lokacin ba a sayar da ita ita kaɗai a can ba.

Na biyu shi ne take. Na Whole Lotta Love bai wuce 'yan sautuka ba, yaro mai koyon jita zai iya shi a yini ɗaya. Na Black Dog, wanda Jones ya ƙirƙira, murɗaɗɗe ne, yana zagaye bugun ganga ya dawo ya same shi, kuma an gina waƙar kamar jagora da 'yan amshi: murya ta yi kira ita kaɗai, kayan kiɗa su amsa gaba ɗaya.

Na uku, wanda mutane da yawa ke ganin shi ne sirrin ƙungiyar, shi ne gangar Bonham. Ƙarfin hannu kowa na iya samu. Abin da ya bambanta shi shi ne lilo, yadda yake ɗan jinkirta bugu kamar zai makara amma bai makara ba, abin da ya koya daga sauraren makaɗan baƙaƙen fata na Amurka. Ga yadda aka ɗauki gangar When the Levee Breaks. Ƙungiyar ta tare a wani tsohon gida mai sanyi, Headley Grange, a karkarar Hampshire, aka ajiye motar naɗi a waje aka ja wayoyi zuwa ciki. A al'ada, kowace ganga ana kanga mata makirfo kusa da fata. Injiniya Andy Johns sai ya sa aka girke gangunan a zauren shiga, ƙasan matakala, ya rataye makirfo biyu kacal daga bene. Abin da ya shiga na'ura ya haɗa da bugun da kuma amsawar bangon dutse da tsawon rufi. Aka matse sautin, aka ƙara masa amsa-kuwwa, aka rage gudun tef ɗin. Sakamakon shi ne wata ganga mai nauyi kamar ana rushe katanga. Gidan ma ya zama kayan kiɗa ke nan. Daga baya masu kiɗan gambara na zamani sun yi ta yanko waɗannan 'yan daƙiƙoƙi suna ɗora waƙoƙinsu a kai, ciki har da Beastie Boys a 1986.

Kashmir, ta 1975, tana nuna wani fannin. Ganga tana tafiya da ƙirgen huɗu-huɗu, jita da gogen Turawa suna tafiya da uku-uku, sai bayan bugu 12 suke haɗuwa su sake rabuwa. Ga kunnen Bature wannan baƙon abu ne mai sa tsikar jiki tashi. Ga wanda ya tashi da kiɗan Afirka ta Yamma, inda ganguna biyu ke tafiya da ƙirge daban-daban a kiɗa ɗaya, abin gida ne. Sunan waƙar kuwa, wanda na wani yanki ne tsakanin Indiya da Pakistan, yaudara ce, domin Plant ya rubuta baitocinta ne bayan doguwar tafiya a mota a hamadar kudancin Maroko a 1973.

Ana yawan ce musu iyayen kiɗan ƙarfe mai nauyi, tare da Black Sabbath da Deep Purple. Page da Plant ba sa son wannan laƙabi, kuma suna da hujja. Rabin kundinsu na uku kiɗan jitar katako ne mai laushi, wanda suka fara tsarawa a wata bukka mara lantarki a tsaunukan Wales a 1970. 'Yan jarida na lokacin ma sun caccake shi saboda hakan.

## Aron da ba a musantawa

A nan ne takardu suka fi baki magana. Kalmomin Whole Lotta Love, wani sashe nasu daga You Need Love aka ɗauko, waƙar da Willie Dixon ya rubuta Muddy Waters ya rera a 1962. Dixon ya kai ƙara a 1985, aka sasanta a wajen kotu, kuma yanzu sunansa yana cikin marubuta waƙar. The Lemon Song ta jingina da Killing Floor ta Howlin' Wolf, ita ma sai da masu haƙƙin suka taso a farkon shekarun 1970 aka ƙara sunansa. Babe I'm Gonna Leave You an fara buga ta a matsayin waƙar gargajiya mara mai ita, alhali wata Ba'amurkiya, Anne Bredon, ce ta rubuta, kuma sai a 1990 sunanta ya bayyana a faifai. Dazed and Confused kuwa Jake Holmes ya fitar da tasa a 1967, Page ya ji ta tun yana Yardbirds, ya sake mata kalmomi da tsari ya sa sunansa shi kaɗai. Holmes bai kai ƙara ba sai 2010. Bayan sulhu aka riƙa rubuta cewa daga waƙarsa aka samo tushen.

Ba ko'ina suka ɓoye ba. When the Levee Breaks tun fitowarta tana ɗauke da sunan Memphis Minnie, wadda ita da mijinta Kansas Joe McCoy suka naɗe ta a 1929 a kan ambaliyar Misisipi ta 1927. Wannan misalin yana yanka ta kowane gefe. Ya nuna sun san yadda ake ambaton mai abu, don haka inda ba su ambata ba da wuya a ce rashin sani ne. Ya kuma nuna girman abin da suka ƙara, domin wanda ya saurari tsohon naɗin na jita biyu da murya, sannan ya saurari na 1971, da ƙyar zai yarda waƙa ɗaya ce.

Dalilin da ya sa sunan da ke ƙarƙashin waƙa yake da muhimmanci kuɗi ne. Duk faifan da aka sayar, duk sakawa a rediyo, akwai kason marubuci. Wanda ba a rubuta sunansa ba ko sisi ba ya gani.

## Shari'ar Stairway to Heaven

Wannan ta bambanta da sauran, domin ita ce aka kai ƙarshe ba tare da sulhu ba. A 2014 wani mai kula da dukiyar marigayi Randy Wolfe, mai jitar ƙungiyar Spirit, ya shigar da ƙara cewa farkon Stairway to Heaven an ɗauko shi daga Taurus, wani kiɗa mara kalmomi da Spirit ta fitar a 1968. Masu ƙara suna da abin riƙewa. Wasan Led Zeppelin na farko a Amurka, a Denver cikin Disambar 1968, a dandali ɗaya aka yi shi da Spirit. Kuma duk wanda ya saurari farkon waƙoƙin biyu zai ji kama: sauti yana gangarowa taki-taki kamar mai sauka daga tsani.

A Yunin 2016 aka zauna a Los Angeles. Page da Plant, dattawa masu furfura, suka ba da shaida da kansu. Page ya amsa cewa kundin Spirit yana cikin tarin faifansa, amma ya ce bai san wannan kiɗan ba sai a 'yan shekarun baya da aka fara kwatanta su a intanet. Masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka ce ƙungiyar ta samu damar jin kiɗan, sai dai kamar da ke tsakaninsu ba ta kai ta sata ba.

Abin da ya fi ɗaure wa jama'a kai shi ne ba a kunna musu faifan Taurus don su kwatanta ba. Dalilin shi ne kiɗan ya faɗa ƙarƙashin tsohuwar dokar Amurka ta 1909, wadda ke kare abin da aka rubuta a takardar kiɗa aka ajiye a ofishin rajista kawai. Takardar Taurus ƙwarangwal ce, babu yawancin adon da ke cikin faifan. Da wannan ƙwarangwal aka yi awo.

A 2018 alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara suka ce a sake shari'ar saboda kurakurai a bayanin da aka yi wa masu yanke hukunci. A Maris 2020 zaman alƙalai 11 na wannan kotu ya soke wancan, ya tabbatar da nasarar ƙungiyar. A Oktoban shekarar Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar, magana ta mutu.

Hukuncin 2020 ya wuce batun waƙa ɗaya. Ya jaddada cewa tubalan da kowa ke gini da su, kamar wannan gangarowar sauti da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana amfani da ita a kiɗan Turai, ba mallakar kowa ba ne. Ya kuma soke wata tsohuwar ƙa'ida da ke cewa gwargwadon ƙarfin shaidar cewa wanda ake tuhuma ya ji waƙar, gwargwadon raguwar kamar da ake buƙatar nunawa. Kotun ta lura cewa a zamanin intanet kusan kowa na iya jin komai, don haka ƙa'idar ta zama tarko. Masu sana'ar kiɗa sun ɗauki hukuncin a matsayin birki ga guguwar ƙararraki da ta biyo bayan shari'ar waƙar Blurred Lines ta 2015, inda iyalan marigayi mawaƙi Marvin Gaye suka ci miliyoyin daloli a kan kamar salo. Cikin wata guda aka soke wani hukunci da aka yanke wa mawaƙiya Katy Perry, alƙaliyar tana kafa hujja da shari'ar Led Zeppelin.

Saboda haka wankewar ta waƙa ɗaya ce. Ba ta shafe sasantawar da aka yi da Dixon ko Holmes ba, domin waɗancan a kan kalmomi ne ko karin waƙa sukutum.

## Masu kare su da masu tuhumarsu

Masu kare ƙungiyar suna cewa buluz kansa da aro aka gina shi, kuma babu mawaƙin buluz da bai ɗauki layin wani ba. Suna ƙarawa da cewa abin da ya sa mutane suka sayi faifan shi ne take da ganga da tsari, waɗanda duk nasu ne, sannan ta hanyarsu miliyoyin matasa farar fata suka nemi sanin su wane ne Muddy Waters da Howlin' Wolf.

Masu tuhuma suna amsawa cewa aro tsakanin talakawa biyu da ke waƙa a rumfa ɗaya daban yake da ɗaukar kayan talaka a yi rajistarsa da sunanka a tara miliyoyi. Suna nuni da cewa wasu ƙungiyoyin Ingila na zamanin, irin su Rolling Stones da Cream, sun rera waƙoƙin Dixon kuma sun rubuta sunansa. Ga su, batun ya haɗa da launin fata da tarihin yadda kamfanoni suka cuci mawaƙa baƙaƙe. Dixon kansa ya kafa wata gidauniya, Blues Heaven, don taimaka wa irin waɗannan mawaƙa su san haƙƙinsu.

Idan aka duba da kyau, kowane ɓangare yana tsaye ne a hawansa. Masu yabo suna maganar tsari da naɗi, masu suka suna maganar kalmomi da sunan da aka buga a faifai. Shaida tana goyon bayan kowannensu a inda yake tsaye.

Akwai kuma sukar da ba ta shafi kiɗa ba: shaye-shaye, lalata ɗakunan otal, rahotannin mu'amala da 'yan mata masu ƙarancin shekaru, da dukan da aka yi wa wani ma'aikaci a bayan dandali a Oakland a 1977, wanda ya kai Bonham da Grant gaban kotu. Fim ɗin 2025 ya tsaya ne a farkon 1970, bai kai ga yawancin waɗannan ba, kuma masu sharhi sun lura da hakan. Jita-jitar cewa akwai saƙon shaiɗan idan aka juya waƙarsu da baya ta yaɗu a Amurka a farkon shekarun 1980. Sha'awar Page ga littattafan tsafi ta ƙara mata wuta, amma 'yan ƙungiyar sun musanta.

## Gadon da suka bari, da hanyar da ta biyo ta Sahara

Wani ɓangare na gadon a kasuwa yake: kundi a matsayin aiki guda, wasa a filin ƙwallo, da mawaƙi mai riƙe da ragamar aikinsa, har suka kafa kamfaninsu Swan Song a 1974. Wani ɓangaren kuma a kunne yake. Matasan da suka taso da kiɗan tawaye da ake kira punk a 1977 sun kira su tsofaffin dodanni masu dogon kiɗa, amma ƙungiyoyin birnin Seattle na Amurka na shekarun 1990 sun dawo sun ɗauki nauyin sautinsu. Da suka haɗu na dare ɗaya a Landan ranar 10 ga Disamban 2007, ɗan Bonham, Jason, yana kan ganga, an samu buƙatar tikiti kusan miliyan 20 a zauren da bai fi ɗaukar mutum dubu 20 ba. Plant ya ƙi yarda a mayar da abin rangadi.

Inda ya karkata shi ne kudu. Ya daɗe yana faɗin yadda muryar Ummu Kulsum ta Masar ta shige shi. A 1994 shi da Page suka naɗi kiɗa a Marrakesh tare da makaɗan Gnawa, waɗanda kakanninsu daga kudu da Sahara aka kai su Maroko. A 2003 ya yi wasa a bikin hamada na Essakane kusa da Timbuktu, inda Ali Farka Touré da Tinariwen su ma suka yi wasa. Daga baya ya sa wani ɗan Gambiya, Juldeh Camara, a ƙungiyarsa, mai kaɗa riti, ɗan'uwan gogenmu mai tsirkiya ɗaya. A wannan zagayen sunayen makaɗan suna nan a rubuce.

## Abin da ya shafi mai sauraro da mawaƙin gida

Ga mai sauraro, sauyin yana bayyana a ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin waƙa a manhajojin sauraro. Sunan Dixon da na Bredon suna nan yanzu, kuma duk saurare yana tura ɗan wani abu ga magadansu.

Ga mawaƙin Hausa, hukuncin kotun Amurka ba doka ba ne a Kano ko Zinder. Sai dai YouTube da yawancin manyan dandalan da yake ɗora waƙarsa kamfanonin waje ne, kuma na'urarsu tana gane naɗin wani da kanta. Wanda ya yanko 'yan daƙiƙoƙi daga faifan wani ya ɗora muryarsa yana iya wayar gari ya tarar an toshe bidiyon ko an karkatar da kuɗin tallarsa zuwa mai haƙƙi. Tambayar aro ma ba baƙuwa ba ce a nan. Waƙoƙin finafinan Hausa da dama, musamman na farkon shekarun 2000, an ɗora su ne a kan karin waƙoƙin Indiya. A ma'aunin da aka bayyana a sama, wannan ɗaukar kari ne sukutum, irin na Dazed and Confused. Yin waƙa da bugun kalangu ko salon asharalle kuwa ya fi kama da tubalan da kotu ta ce na kowa ne.

Najeriya ta sabunta dokar haƙƙin mallakarta, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ce ke kula da ita. Dokar ta ware wani sashe ga fasahar gargajiya da ba a san mai ita ba, inda amfani da ita don kasuwanci a wajen al'ada yake buƙatar izinin hukumar. A Nijar ofishin BNDA ne ke tattara wa masu fasaha haƙƙinsu. Wurin da za a fi samun saɓani shi ne tsakiya, wato waƙoƙin manyan makaɗan baka da matasa ke sabuntawa da kayan zamani suna ɗaukar su na kowa da kowa, kamar yadda aka ɗauki waƙar Anne Bredon a 1969. A dokar Najeriya haƙƙin waƙa yana ɗorewa shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. A wannan lissafi, baitocin da Shata ya ƙirƙira suna da masu su har ƙarshen 2069, na Ɗan Maraya kuwa har 2085.